DALLA-DALLA: Hanyoyin koyon Turanci da kayan karatun da ake samu kyauta

A Najeriya, ɗalibi na iya cin sauran darussansa a jarabawar WAEC ko NECO, amma rashin kiredit a Turanci kaɗai ya hana shi gurbin jami'a. A jarabawar JAMB ma, Turanci ne darasin da ya wajaba a kan kowa cikin darussa huɗu da ake rubutawa. Ga abubuwan da mai son ƙwarewa ya kamata ya sani.

Fara da sanin matsayinka

Ma'aunin CEFR, wanda aka fitar a Turai a 2001, ya kasa ƙwarewar harshe zuwa matakai shida, daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na gwani. British Council da Cambridge suna da gwaji kyauta a intanet da ke nuna wa mutum matakinsa, domin kada ya ɗauki littafin da ya fi ƙarfinsa.

Inda Bahaushe ke tuntuɓe

Kalmomin aro sun isa shaida. Fensir, fasinja da fakiti duk da harafin "p" suka fara a Turanci, harshenmu ya mayar da shi "f". Haka kuma Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa muke cusa wasali a tsakaninsu, kamar a burodi da firamare. Maganin wannan shi ne yawan sauraro, da maimaitawa a bayyane, da naɗar muryarka a waya don ka ji kuskurenka da kunnenka.

Abin saurare

Shirin 6 Minute English na BBC hira ce ta minti shida da ke zuwa da rubutaccen kwafi, mai koyo na ji yana bin kalmomin da ido. Muryar Amurka kuwa tun 1959 ta ɓullo da labarai cikin sassauƙan Turanci, da kalmomi kimanin 1,500, ana karantawa a hankali.

Ƙamus

Akwai ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da na Hausa zuwa Turanci na Paul Newman na 2007. Idan karatu ya yi nisa, gara a koma ga ƙamusun da ke bayani da Turanci zalla, irin na Oxford da aka tsara don masu koyo.

Mai shirin fita waje

Jarabawar IELTS na auna sauraro, karatu, rubutu da magana. Maki mafi girma shi ne 9, kuma galibi ana karɓar sakamakon na tsawon shekara biyu. A yi hattara da masu tallar takardar sakamako ba tare da zama jarabawa ba, domin jami'o'i da ofisoshin biza suna tantance ta kai-tsaye daga masu shirya jarabawar.

Duk waɗannan ba za su amfani wanda kunya ta hana buɗe baki ba. Karatun rabin awa kullum, tare da abokin hira, ya fi na yini guda a wata.