Murhu

murhu (suna, namiji, jam'i: murahu, wasu kan ce murfu)

1. Duwatsu uku da ake girka tukunya a kai, a hura wuta a tsakaninsu. Ba ya cin ko kwabo wajen kafawa, amma ɓarnar itace gare shi: iska na shiga ta kowace kusurwa, harshen wuta ya fanɗare gefe, yawancin zafin ya bi iska, hayaƙi kuma ya cika idon mai girki. Misali: "Ladi, janye itacen nan daga murhu ki yayyafa masa ruwa, ya yi mana girkin dare."

2. Duk abin da aka ƙera don girki, na yumɓu ko na ƙarfe. *Murhun tsimi*: wanda aka kewaye da bango, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, tukunya ta zauna daram a bakinsa, zafi ya rasa hanyar tsira. Irinsa ne Mai Sauƙi, na ƙarfe, da ya yaɗu a Yamai a shekarun 1980. *Murhun Abacha*: mai cin garin katako, wanda ƙarancin kananzir ya haifar a Najeriya a shekarun 1990.

Duba kuma: kurfoti, risho.