Sarƙar babur

Sarƙar babur, wadda makanikai ke kira cen, ita ce ke ɗaukar ƙarfin inji ta kai shi tayar baya. Tana zagaye faifai biyu masu haƙora: ƙarami a jikin giya, babba a jikin taya. Irin wannan sarƙa ta samo asali ne daga wadda injiniya Hans Renold ya ƙirƙira a Manchester ta ƙasar Ingila a shekarar 1880. A wurare masu ƙura da laka kamar Rigasa, a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, sarƙa na cikin sassan babur da ke saurin lalacewa idan ba a kula da ita ba.

Yadda aka ƙera ta

Sarƙa jerin gaɓoɓi ce. Kowace gaɓa tana da ɓallayen ƙarfe a gefe biyu, da ƙusa da ta ratsa su, da ɗan bututu da ƙusar ke juyawa a ciki, da kuma rola wadda ke hawa haƙoran faifai. Yawancin ƙananan babura masu ƙarfin cc 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, suna amfani da sarƙa mai lamba 420 ko 428. A duka biyun, tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ce. Akwai kuma sarƙa mai zoben roba a kowace gaɓa, wanda ke riƙe giris a ciki. An fi samunta a manyan babura.

Yadda take cinyewa

Ana yawan cewa sarƙa ta "miƙe", amma ƙarfen ba ya miƙewa. Ƙusa da bututun ne ke goge juna har su cinye, sai kowace gaɓa ta sami ɗan sarari. Idan aka tara sararin gaɓoɓi fiye da ɗari, sarƙar takan fi yadda take tsawo. Daga nan ba ta zama daidai a kan haƙora, sai ta riƙa cin su har su yi tsini su lanƙwashe.

Ƙasa ce ke hanzarta wannan cinyewa. Rigasa unguwa ce mai yawan jama'a, kuma nan ne tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016. Babur na cikin abubuwan hawa da ake dogara da su wajen shiga lunguna, waɗanda da yawansu ba su da kwalta. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan manne da man da ke jikin sarƙa, ta zama wani kwaɓi mai gurzar ƙarfe. Da damina kuwa ruwa ne ke wanke man, laka ta shiga gaɓoɓi, tsatsa ta biyo baya. Ɗaukar mutum biyu ko uku, ko buhunan kaya, yana ƙara wa sarƙar wahala.

Alamomin lalacewa

Sarƙar da ta gaji tana ƙara, tana bugun murfinta, kuma tana sake saki jim kaɗan bayan an ɗaure ta. Wasu gaɓoɓin kan ƙage. Idan aka ja ta daga bayan babban faifai ta ɗago har aka ga rabin haƙori, ta cinye. Ana kuma aunawa: gaɓa 20 na sabuwar sarƙa mai lamba 428 milimita 254 ne, idan suka kai kusan 259 lokacin canji ya yi.

Wankewa da sa mai

Zuba mai a kan datti ba ya magani, don haka wanki ne farko. Ana kashe inji, a ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, a goge sarƙar da kananzir da burushi mai laushi ana juya taya da hannu, sannan a tsane ta da tsumma. Fetur yana lalata zoben roba, ga kuma haɗarin gobara. Bai halatta a goge sarƙa inji na aiki ba, domin haƙoran faifai na iya guntule yatsa.

Bayan ta bushe, ana ɗiga man giya mai lamba 80 ko 90, ko man feshi na sarƙa, ta gefen ciki inda take taɓa haƙora, a share wanda ya yi yawa. Kamfanoni da dama suna ba da shawarar yin haka duk bayan kusan kilomita 500, da kuma bayan tafiya cikin ruwa ko ƙura. Ɗan acaɓa na iya cin wannan tazara cikin 'yan kwanaki. Mutane da yawa suna amfani da tsohon baƙin mai da aka juye daga inji saboda araha, sai dai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, kuma ba ya daɗewa a jikin sarƙa.

Ɗaurewa da canji

A yawancin ƙananan babura, ana barin sarƙa ta yi wasan sama da ƙasa na milimita 20 zuwa 30 a tsakiyarta. Idan ta matse da yawa tana cin boris, tana iya tsinkewa. Idan ta saki da yawa tana iya zamewa ta maƙale tayar baya ana cikin gudu, abin da kan kayar da direba da fasinja. Dole a daidaita notunan gefe biyu daidai wa daida don kada taya ta karkace. Maƙalin gaɓar haɗi kuma, rufaffen bakinsa ne ke fuskantar inda sarƙar ke tafiya.

Cire gaɓa ɗaya ko biyu don gajarta tsohuwar sarƙa ba ya mayar da abin da ya cinye. Ana canza sarƙa ne tare da faifan gaba da na baya, domin tsohon faifai yakan cinye sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci.