Daga Murzar Itace zuwa Ashana: Tarihin Kunna Wuta a Ƙasar Matamaye

Har gobe, a Matamaye da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan baƙo ya shigo gida ya ƙi zama, akan ce masa: “Ɗiban wuta ka zo yi?” Yaran da ke azuzuwanmu sun san wannan magana, amma ƙalilan ne daga cikinsu suka taɓa ganin abin da ya haife ta, wato yaro da fasasshen kasko a hannu, yana sauri daga gidan maƙwabta kada garwashin ya mutu kafin ya kai murhun uwarsa. Idan kuwa aka tambaye su yadda kakanninsu suke samun wuta, amsa ɗaya ce: murza itace. Haka ake nunawa a wasannin kwaikwayo na makaranta, haka kuma ake zanawa a littattafai. Amsar tana da gaskiya, sai dai guntuwa ce.

Ita murzar, ga yadda take. Ana samun busasshen ice mai taushi a fafe masa ɗan gurbi kusa da gefe, a yi masa tsaga, sannan a kafa miƙaƙƙen tsinke a cikin gurbin, a riƙa murza shi tsakanin tafukan hannu, kamar yadda mace ke burga miya da maburgi, ana danna shi ƙasa. Gugar nan tana fitar da baƙin gari mai laushi wanda ke taruwa a bakin tsagar. Idan zafinsa ya doshi digiri 400, sai garin ya kama ci da kansa. A nan mutane da yawa suke kuskure, domin murza ba ta ba da harshen wuta. Abin da take bayarwa ɗan garwashi ne da bai fi ƙwayar gero ba, wanda sai an juye shi cikin audugar rimi ko busasshen kashin jaki, an hura a hankali, kafin ya tashi. Tumfafiya, wadda manomi ke sarewa ba tare da ya waiwaye ta ba, tana cikin itatuwan da mutanen Sahel da na hamada suka sani da wannan aiki: icenta ba nauyi, kuma audugar da ke cikin ƴaƴanta makamashi ce.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba ta wata al'umma ɗaya ba ce. A kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda Bature Howard Carter ya gano a Masar a 1922, an tarar da katakon murza wuta da guraben ƙuna a jikinsa, irin wanda ake juya tsinkensa da igiyar baka. Hasali ma, a cikin tsohon rubutun Misirawa akwai alama guda wadda hoton wannan kayan aiki ce.

To amma duk wanda ya taɓa gwadawa ya san ba aikin kullum ba ne. Na gwada da ɗalibai a farfajiyar makaranta cikin hunturu, lokacin da komai ya bushe ƙayau, muka samu hayaƙi da kanta a tafin hannu, sai a karo na huɗu garwashi ya fito. Ina ga damina, lokacin da ice ya sha raɓa? Babu matar gidan da za ta jira wannan wahala kafin ta ɗora kunun safe. Murza dabarar daji ce, ta maharbi da makiyayi da matafiyin da dare ya riska nesa da gari. A cikin gari kuwa, hikimar ita ce kada a bar wuta ta mutu. Akan tura gungume a murhu, a rufe garwashi da toka da dare, da asuba a tone. Gidan da tasu ta mutu sai su aika yaro maƙwabta, kuma ba a hana wuta, ko da akwai ƴar tsama tsakanin matan gidajen biyu. A ganina, wannan shi ne babin da ya fi cancantar a koyar, shi ne kuma aka fi tsallakewa.

Tsakanin daji da murhu akwai hanya ta uku, wadda ta fito daga maƙera: ƙyastu da ƙanƙara. Maƙeri kan ƙera ɗan ƙarfe mai tauri, a buga shi a kaifin dutsen ƙanƙara, tartsatsi ya faɗa kan auduga. Fatake da masu shan taba sukan riƙe kayan nan cikin ƴar jakar fata. Sanin ƙarfe ya daɗe a wannan yanki, domin binciken da aka yi a duwatsun Tarmit, arewa maso gabas da Damagaram, ya nuna ana narka tama a can ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Wannan ba ya nufin ƙyastu ya kai haka tsufa, amma yana nuna cewa hannun da zai ƙera shi ba baƙo ba ne. A ƙarni na 19, zamanin da ƙasar Kance take ƙarƙashin ikon Damagaram, wannan dabara ta shiga fagen yaƙi. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar fataucin Tarabulus, ya kuma sa aka riƙa ƙera igwa da haɗa albarushi a birninsa. Bindigar ƙanƙara ta wancan zamani ƙyastu ce kawai da aka ɗaura wa kunama: dutse ya bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi.

Ashana ta zo daga baya. Wani mai haɗa magunguna a Ingila, John Walker, shi ya fara sayar da ita a 1827, sannan masana'antun ƙasar Suwidin suka gyara ta yadda ba ta kamawa sai a jikin kwalinta. Abin lura, ita ma guga ce, sai dai an ɗora wa kan tsinken sinadarin da ke kamawa da ɗan zafi kaɗan, aikin da ke cinye ƙarfin ƙato ya koma na ƙiftawar ido. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantuna suka buɗe, Matamaye kuwa tana bisa hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Daura zuwa Damagaram. Da noman gyaɗa ya bunƙasa, har aka kafa masana'antar tatsar manta a garin, kuɗi ya shiga hannun talaka, kwalin ashana ya sauka kan teburin kowane ɗan tireda.

Murza ta koma daji inda dama can take, ƙyastun maƙera ya koma ƙasan adaka, yaro ya daina fita da kasko. Tsofaffin da suka ɗebo wuta da hannunsu suna nan da sauransu a Matamaye da Kance da Ɗan Barto, haka ma maƙeran da suka ga iyayensu suna ƙera ƙyastu, kuma ƙungiyar da ke shirin baje kolin al'adu za ta fi samun abin nunawa a bakinsu fiye da a littafin da aka rubuta don wata ƙasa. Harshe dai ya riƙe nasa kason: har yau ba ma cewa an goga ashana, cewa muke an ƙyasta ta.