Katin da aka tsinta a kan kujera: yadda gasar Magic ta yi fama da kuɗi da maguɗi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, musamman domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau tarihin wasan kati za mu taɓa. Na san wani zai ce, "Karta kuma?" Yi haƙuri ka biyo ni. A wot ɗin da muka sani, kati ɗaya ake ajiyewa a tsakiya, a cakuɗa, a raba wa kowa. Wanda za mu yi magana a kai, sunansa Magic: The Gathering, kowane ɗan wasa da nasa damin katin yake zuwa daga gida, shi ya zaɓa, shi ya haɗa. Katunan kuma saye ake yi a cikin 'yan fakiti rufaffu, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage. Wasu katunan suna da yawa kamar ƙasa, wasu kuwa sai an tona.

To tun daga nan kun ga matsala. Idan kowa da nasa yake zuwa, me zai hana ɗan mai kuɗi ya saye katunan da suka fi ƙarfi? Idan kuma kowa shi ke cakuɗa nasa, me zai hana mai saurin hannu ya jera su yadda yake so? Waɗannan tambayoyi biyu su ne tarihin gasar nan gaba ɗaya.

Bari mu koma farko. A 1991 wani ɗalibin lissafi a Amurka, Richard Garfield, ya kai wa Peter Adkison, mai wani ƙaramin kamfani da ake kira Wizards of the Coast, wani wasan allo da ya ƙirƙira mai suna RoboRally. Adkison ya ce kamfaninsa ba shi da ƙarfin buga wannan, amma yana neman wasa mara nauyi, wanda za a sa a aljihu, a gama cikin 'yan mintuna. Garfield ya koma ya dawo da Magic. A watan Agustan 1993 wasan ya fito kasuwa, bugun farko da katuna iri 295, kuma kafin a ankara an wawushe shi.

Yadda ake buga shi a taƙaice: mutum biyu, kowa ya fara da makin rai 20. Kana ajiye katunan ƙasa da ke ba ka ƙarfi, ƙarfin nan suna kiransa mana (ba "mana" tamu ta "zo mana" ba), da shi kake fito da dabbobi da dabaru don rage makin abokin karawarka. Wanda nasa ya kai sifiri, ya faɗi.

Garfield ya san wasu katunan sun fi ƙarfin wasan. Lissafinsa shi ne mutane za su sayi dami ɗaya ko biyu ne kawai, su riƙa bugawa da abokansu, don haka katin da ya fi ƙarfi zai zama ɗaya tilo a duk unguwa. Har ma ya sa wata doka: kafin a fara, kowa ya zare kati ɗaya daga daminsa ba tare da ya zaɓa ba, wanda ya ci wasan ya kwashe duka biyun. Wai don katuna su riƙa zagayawa hannu-hannu. Masanin lissafi ne fa, amma wannan lissafin bai fita ba. Mutane suka riƙa saye kwali-kwali.

Ku ji abin da hakan ya haifar. Akwai wani kati, Black Lotus, da ke ba ka mana uku kyauta nan take. Idan ka haɗa shi da katin ƙasa ɗaya, da wani kati Channel da ke mayar da makin ranka ya zama mana, da wani kuma Fireball, sai ka sadaukar da maki 19 na ranka, ka jefi abokin karawarka da 20 cif. A zagayen farko kenan, bai ko ajiye kati ɗaya ba, wasa ya ƙare. Kuma a dokar farko babu iyaka a kan yawan kati iri ɗaya da za ka zuba a daminka. Wanda ya fi kowa aljihu shi ne zakara.

Sai kamfanin ya kafa hukumar shirya gasa, wadda aka fi sani daga baya da DCI. A farkon 1994 ta fito da dokokin da har yau su ne ginshiƙi: dami kada ya gaza kati 60, kati iri ɗaya kada ya wuce huɗu in ban da katunan ƙasa na yau da kullum, irin su Black Lotus kuwa ɗaya tak. Dokar nan ta kwashe katin wanda aka kayar ma ba ta samu shiga gasa ba, don kowa ya ga ta yi kama da caca.

A watan Agustan 1994 aka yi gasar duniya ta farko a birnin Milwaukee. Tsarin da an doke ka, ka tafi gida. Zak Dolan ɗan Amurka ya doke Bertrand Lestrée ɗan Faransa a wasan ƙarshe. Ku riƙe sunan Bafaranshen nan, zai dawo.

Amma har lokacin wanda ya riga kowa sayen katunan 1993 yana gaba. Don haka a 1995 aka kawo tsari na biyu, wanda yanzu ake kira Standard: katunan da aka buga kwanan nan kawai za a shiga da su, tsofaffi su koma gefe. Yaron da ya fara wasa bana zai iya zama gaban tsohon hannu. Gaskiya dai, wannan ya yi wa kamfanin daɗi, tunda dole kowa ya ci gaba da sayen sabon kati, kuma 'yan wasa sun daɗe suna wannan ƙorafi. Akwai kuma tsarin da ni ya fi burge ni: mutum takwas su zauna a tebur ɗaya, kowa a ba shi fakiti uku rufaffu, ka buɗe, ka zaɓi kati ɗaya, ka miƙa sauran ga na kusa da kai, haka har su ƙare, sannan kowa ya haɗa dami mai kati 40 daga abin da ya tsinta. A nan abin da ka tara a gida ba shi da amfani.

Shekarar 1996 ce kuɗi suka shigo sosai. Wani ma'aikacin kamfanin, Skaff Elias, ya dage cewa a mayar da Magic wasan ƙwararru, matasa su samu gwarazan da za su yi koyi da su. Aka kira gasar Pro Tour. Ta farko an yi ta a watan Fabrairu a New York, ana tsakiyar zubar dusar ƙanƙara, kuma hanyar samun gurbi ita ce ka buga waya ka yi rajista kafin gurabe su cika. Michael Loconto ya ci, ya tafi da dala 12,000. Wa ya doke a wasan ƙarshe? Bertrand Lestrée dai. Bawan Allah sau biyu yana kaiwa bakin ƙofa.

Manyan gasa suka koma tsarin da ake kira na Suwizalan, wanda aka aro daga gasar dara ta ces: ba a korar ka don ka faɗi sau ɗaya, kowane zagaye ana haɗa ka da mai maki irin naka, a ƙarshe takwas na sama su fafata. A yawancin karawa, wanda ya fara cin wasa biyu cikin uku shi ya yi nasara. Kuma kafin a fara, sai ka rubuta sunan kowane kati da ke daminka a takarda ka miƙa wa alƙalai. Wannan takarda ba wasa ba ce. A gasar duniya ta 1996, Tom Chanpheng ɗan Ostireliya ya yi kuskure wajen rubuta katunan ƙasarsa, alƙalai suka ce abin da ka rubuta da shi za ka buga. Hakan ya bar shi da wasu katuna a dami da ba shi da hanyar amfani da su sam. A haka ya daure ya ci kofin duniya.

To yanzu mu zo tambaya ta biyu, maguɗi. Da aka sa dubban daloli a tebur, sai hannaye suka fara sauri. Wani ya jera katunansa ya yi kamar yana cakuɗawa. Wani ya ja kati biyu maimakon ɗaya. Wani ya ɗan lanƙwasa katin da yake so don ya gane shi ta baya. Wani kuma in ya ci wasan farko sai ya yi ta jan ƙafa har lokaci ya ƙare. Alƙalan lokacin da yawansu ba su da gogewa, hukunci kuma ba shi da zafi.

Sunan da ya fi fitowa a wannan zamani shi ne Mike Long, ɗan Amurka, wanda ya ci Pro Tour ta Faris a 1997. Ƙwararre ne na gaske, ga baki, ga iya rikita abokin karawa. A gasar ƙasa ta Amurka ta 1998 aka tsinci wani kati mai suna Cadaverous Bloom a kan kujerarsa ana cikin wasa, kuma wannan kati shi ne ƙashin bayan daminsa. Shi ya ce faɗuwa ya yi bai sani ba. 'Yan wasa da yawa ba su yarda ba, kuma abin da ya fi ɓata musu rai shi ne ba a kore shi daga gasar ba. A 2000 hukumar ta dakatar da shi na wata ɗaya kan yadda ya cakuɗa katinsa a wata karawa.

Abin da nake so ku lura da shi, matsin lambar gyara daga cikin 'yan wasan ya taso. Wani matashi, Chris Pikula, da abokansa na ƙungiyar Deadguy suka sa abin a gaba: su kira alƙali, su faɗi suna a fili, su ƙi yin shiru ko da wanda ake zargi babban suna ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da kowa ya san kowa, gobe ma tare za ku hau jirgi. Kamfanin kuwa yana da wani lissafin daban, don mugu a labari yana jawo 'yan kallo. Mark Rosewater, ɗaya daga cikin manyan masu tsara wasan, ya fito fili ya goyi bayan a sa Long a zauren gwaraza da aka buɗe a 2005, saboda rawar da ya taka wajen sa mutane su damu da gasar. Masu zaɓe ba su sa shi ba. Pikula ma bai shiga ba, da ɗan ƙaramin rata ya rasa. Haka tarihi yake wani lokacin.

Amma dokoki sun canza. A manyan gasa, bayan ka cakuɗa daminka dole ka miƙa wa abokin karawarka shi ma ya cakuɗa. Alƙalai na iya tsayar da ku su ƙirga katunanka, su duba rigunan ledar da kake sa su ciki ko akwai alama. Hukunci hawa-hawa ne: gargaɗi, asarar wasa, asarar karawa, kora, dakatarwa. In ba ka gamsu da hukunci ba, kana da damar ɗaukaka ƙara zuwa babban alƙali.

Kuma an gwada dokar a kan manya. A gasar duniya ta 2001 a Toronto ta Kanada, David Williams ya kai cikin takwas na ƙarshe, sai alƙalai suka ga wasu katunansa sun lanƙwashe fiye da sauran. Ya ce ba da gangan ba ne, amma aka kore shi ba ko sisi, aka dakatar da shi shekara ɗaya. A 2019 a Landan aka samu alamu a jikin rigunan wasu katunan Yuuya Watanabe ɗan Japan, mutumin da sau biyu yana zama gwarzon shekara. Shi ma ya musanta. Aka dakatar da shi wata 30, aka cire sunansa daga zauren gwaraza.

Me wannan tsanani ya saya? Ya sa nasara ta zama abin da za a yarda da shi. Kati wasa ne da sa'a ke ciki, ba mai musun haka. Amma Kai Budde ɗan Jamus ya ci kofin duniya a 1999, ya kuma tara Pro Tour bakwai. Jon Finkel ya ci a 1998, ya ci kofin duniya a 2000, ya dawo ya sake ci a Kuala Lumpur a 2008. Sa'a ba ta yi wa mutum ɗaya sallama sau bakwai. A 2004 Julien Nuijten ɗan Holan ya zama zakaran duniya yana da shekara 15. Daga Birazil, Carlos Romão ya ci a 2002, Paulo Vitor Damo da Rosa kuma ya ci a 2020 ya tafi da dala 300,000. Da ana zargin kowane tebur, da duk waɗannan sunaye ba su da wata daraja.

Tambayar kuɗi kuwa ba ta mutu ba. Black Lotus ɗin nan, a 2021 an sayar da guda ɗaya na bugun farko, wanda ma'ajinsa ke ɗauke da sa hannun wanda ya zana shi, Christopher Rush, a kan dala 511,100. Ko a tsarin sababbin katuna, haɗa dami mai kyau yana cin kuɗi, ga kuɗin jirgi, ga masauki, ga biza. Doka ta daidaita mutum biyun da suka zauna a tebur, amma ba ta kawo wanda ba shi da kuɗin mota zuwa teburin ba.

To jama'a, ga tambayar da zan bar muku. Da kai ne alƙali a Toronto a 2001, ga katuna a lanƙwashe a hannunka, ga matashi a gabanka yana cewa wallahi bai sani ba, kuma ba ka da hanyar leƙa zuciyarsa, me za ka yanke? Ni na yi ta juya abin, kuma ina ganin da na kore shi, ko da raina bai so ba, domin sauran mutum bakwai ɗin ma haƙƙinsu na wuyana. Wataƙila kai kana da wata fahimtar, ina so in ji ta.

Mu kwana nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.