Tafkin Nyos: Ruwan da Ya Yi Numfashi, da Yadda Aka Shawo Kansa

Mu nan Sakkwato, tafkunan da muka sani irin na Kware da Kalmalo ba su da wani tsoro bayan nutsewa. Amma a makwabciyarmu Kamaru akwai tafkin da ya kashe mutane ba tare da ya jiƙa su ba.

Tafkin Nyos yana arewa maso yammacin Kamaru, kusa da garin Wum, ba nisa da iyakarmu. Bakin tsohon dutse mai aman wuta ne ruwa ya cika, zurfinsa ya haura mita 200. Dutsen ya daina aman wuta, amma ƙarƙashinsa bai huce ba. Iskar kabon tana ta tsattsafowa tana narkewa a ruwan ƙasa, nauyin ruwan sama ya danne ta, kamar kwalbar lemo da ba a buɗe ba.

Daren 21 ga Agusta 1986 murfin ya buɗe. Iskar ta taso gaba ɗaya, kuma da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara kwari tana bin ƙasa, ta shiga ƙauyukan Nyos, Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, yawancinsu suna barci, da dabbobi kusan 3,500. Fulani makiyaya na cikin waɗanda abin ya shafa. Gidaje na tsaye, itatuwa na tsaye, masu numfashi kawai aka ɗauke. Da gari ya waye ruwan ya koma ja, domin ƙarfen da ke narke a ƙasa ya taso ya yi tsatsa.

Abin takaici, an riga an yi gargaɗi. A 1984 Tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya yi irin wannan ya kashe mutum 37. Kuma a nan ne nake so marubuta su tsaya: masaniyar al'adu Eugenia Shanklin ta tattara labaran gargajiya na yankin da ke magana kan tafkuna masu fashewa ko ƙaura. A ganina waɗannan labarai tarihi ne da aka adana a baki, aka yi musu kallon tatsuniya.

Gyaran kuwa ya zo da dabara mai sauƙi. A 2001 ayarin masana ƙarƙashin Bafaranshe Michel Halbwachs suka zura dogon bututu daga kan wani dandali mai yawo a ruwa har ƙasan tafkin. Famfo ake sa wa da farko kawai. Da ruwan ƙasa ya fara hawowa, matsi ya ragu, iskar ta kumfo ta tura ruwan sama da kanta, ya yi tsiri mita da dama ba injin ba mai. A 2011 aka ƙara bututu biyu. Shekara 15 tsakanin musibar da bututun farko, wannan jinkiri ba shi da kyan gani. Waɗanda suka tsira kuwa an kwashe su zuwa sansanoni, da yawa suka shafe shekaru can nesa da gonakinsu.

Ina ruwan Nijeriya? Gefen tafkin akwai wata ganuwa ta toka da tsakuwar dutsen, ita ke riƙe da ruwan, kuma tana zaizayewa. A 2005 masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi gargaɗin tana iya ɓallewa, ruwan ya bi Kogin Katsina-Ala ya faɗo wa Taraba da Binuwai. Kamaru ta ƙarfafa ganuwar da kankare. Nijeriya kuma ta gina madatsar Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum domin tare ambaliyar in ta zo, aka haɗa mata injinan lantarki masu ba da megawat 40, aka ƙaddamar da su a 2023.