Shawarar Toshewa: Tarihin Buɗe wa Ruwan Maɗaciya Hanya

Hanta tana haɗa ruwan maɗaciya dare da rana, ta tura shi ta siraran magudanu da ke haɗuwa su zama babbar magudana guda mai zubawa a farkon ƙaramin hanji. Idan tsakuwa ta tokare wannan magudana, ko ciwon daji ya matse ta, sai ruwan ya koma cikin jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, ƙaiƙayi ya hana barci.

A ƙasar Kano, tun kaka da kakanni, duk mai rawayan ido ana cewa shawara ce ta kama shi, a jiƙa masa saiwar rawaya ko wani sassaƙe ya sha. Da yawa sukan warke, domin shawarar da wasu ƙwayoyin cutar hanta ke kawowa takan lafa da kanta. Ta toshewa kuwa ba ta jin jiƙo, kuma a ido ba a iya raba su.

Mahauta ma sukan ga abin da toshewa ke yi. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya zauna shekara cur a gonakin Kura da Bunkure da Kadawa, daura da Dawakin Kudu. Ruwan ya kawo shinkafa da alkama da tumatir, ya kuma zama matattarar ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsargiya ga mutane da tsutsar hanta ga shanu. Mahaucin da ya tsaga irin wannan hanta yakan tarar da magudanunta sun yi kauri sun taurare, tsutsotsi masu faɗi kwance a ciki. Manomin rani ma ya san sauran bayanin: idan kwalbati ya cushe, ko dai a yashe shi, ko a haƙa wa ruwa wata hanya.

Likitoci sun fara ne da wuƙa. A 1882 Carl Langenbuch ya cire maɗaciyar wani majiyyaci a Balin, kuma kafin ƙarshen wannan ƙarni an kai ga tsaga babbar magudanar a fitar da tsakuwa, ko a ɗinke maɗaciya da hanji don ruwa ya kewaye toshewar. Aiki ne mai haɗari ƙwarai, saboda jinin mai shawarar toshewa ba ya saurin daskarewa. A 1937, a Hanoi, Huard da Do Xuan Hop suka soka allura ta fata har cikin hanta, suka zuba ruwan da ke fitowa a hoton eksire. Da wannan dabara ake iya ganin inda toshewa take ba tare da an buɗe ciki ba.

Hanyar baki ta zo a 1968, lokacin da William McCune a Amurka ya zura doguwar roba mai fitila da madubi ta maƙogwaro, ta ratsa ciki har ƙaramin hanji, ya sa siririn bututu a ɗan ƙaramin bakin da magudanar ke zubawa. A 1974, shekarar da aka gama Tiga, Kawai a Japan da Classen da Demling a Jamus suka nuna yadda za a ɗan tsaga wannan baki tsakuwa ta fito. Wajen 1980 Soehendra a Hambug ya fara barin ɗan bututun roba a ciki don hanyar ta zauna a buɗe. Wannan aiki, da likitoci ke kira ERCP, shi ya zama na farko da ake gwadawa har yau.

Amma ba kullum yake yiwuwa ba. Wani lokaci ciwon daji ya riga ya toshe hanjin kansa, wani lokaci tsohuwar tiyata ta sauya tsarin ciki, robar ba ta kaiwa. Ga irin waɗannan majiyyata aka koma wa allurar Hanoi. Tun 1974 Molnar da Stockum suka bayyana yadda za a bi ta tsakanin haƙarƙari a dasa bututu a magudanar hanta, ruwan ya riƙa zuba cikin jaka a waje. Yana ceton rai, sai dai zama da shi wahala ne. Bututun yakan zame ko ya cushe, wurin yakan yi ruwa, jiki kuma yana asarar ruwa da gishiri. Ga wanda zai koma ƙauye cikin zafin bazara, nesa da mai wanke masa ciwo, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

A 2001 Marc Giovannini a Marsai ta Faransa ya buɗe hanya ta uku da ba ta bukatar wuƙa. Da roba mai na'urar sikanin a bakinta, likita yana hango magudanar da ta kumbura ta bayan bangon hanji, ya huda, ya haɗa su da bututu, ruwan ya zuba a ciki inda jiki ke bukatarsa. Daga baya aka koyi yin haka ta bangon ciki zuwa ɓangaren hagu na hanta.

Kayan wannan aiki suna da tsada, gwanayensa ba su da yawa a Najeriya, don haka tsohuwar tiyatar kewaye toshewa tana nan da amfaninta. Mutumin Dawakin Kudu ko Bunkure yakan faro daga asibitin garinsu, a tura shi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Abin da ya fi cutar da shi shi ne makonnin da suka wuce ana jiƙo. Hoton sikanin, wanda yanzu ake samu a garuruwa da dama, yana nuna magudanar da ta kumbura cikin 'yan mintuna. Idan kuwa shawara ta haɗu da zazzaɓi mai karkarwa da ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari, alamomi ukun da Charcot ya bayyana a 1877, to ruwan da ya tsaya ya kamu da ƙwayoyin cuta, kuma dole a buɗe masa hanya cikin kwana ɗaya ko biyu.