Ma'anar Zama Cikin "Yanzu" a Tarihin Falsafar Hindu

Malaman tsohuwar Indiya ba su yi rowar shekaru ba wajen lissafin zamani. A ƙidayarsu, zamanin da ake ciki, wato Kali Yuga, shekara 432,000 ne, kuma shi ne mafi gajarta cikin zamunna huɗu masu zagayowa ba iyaka. A cikin wannan zagaye, bisa aƙidarsu, mutum yana mutuwa a sake haifarsa gwargwadon ayyukan da ya gabatar, abin da suke kira karma. Tambayar da ta dame su ita ce ta wace ƙofa rai zai kuɓuta. Amsar da yawancinsu suka yi ta komawa gare ta ita ce, ƙofar tana cikin lokacin da mutum yake ciki yanzu.

Littattafan Upanishad, waɗanda mafi tsufansu suka riga haihuwar Annabi Isa da kimanin ƙarni shida ko bakwai, sun koyar da cewa ainihin ran mutum, atman, ba ya tsufa, ba ya da jiya balle gobe. Masu neman saninsa da dama suka bar gida da sana'a, suka shige daji. A wurinsu, zama cikin yanzu yana bukatar juya wa duniya baya.

Littafin Bhagavad Gita, mai baiti 700 cikin babi 18, ya fito da maganar daga daji ya kai ta fagen fama. A filin Kurukshetra, jarumi Arjuna ya hango abin da yaƙi zai jawo wa danginsa, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Krishna ya nuna masa cewa aikin da ya wajaba a kansa shi ne rabonsa, sakamakon aikin kuwa kada ya rataya zuciyarsa gare shi. Ke nan abin da ke ɗaure mutum shi ne kwaɗayin gobe da fargabarta. Aikin yau ba shi da laifi.

Patanjali, mai littafin Yoga Sutra, ya mayar da wannan tunani horo na yau da kullum. Ya bayyana yoga da tsayar da kai-komon zuciya, ya kuma ambaci zurfafa tunani a kan kshana, wato mafi ƙanƙantar yanki na lokaci. Al-Biruni ya fassara littafin zuwa Larabci a ƙarni na 11.

A zamanin mulkin mallakar Ingila, maganar ta shiga siyasa. Bal Gangadhar Tilak ya rubuta sharhin Gita a kurkukun Mandalay, aka buga shi a 1915, inda ya karanta littafin a matsayin kira zuwa aiki da gwagwarmaya. Gandhi kuwa ya fahimci cewa wanda ya cire rai daga sakamako ba shi da dalilin zub da jini domin ya same shi. Sun saɓa a kan hanya, amma babu ɗayansu da ya ɗauki zama cikin yanzu a matsayin sharholiya ko mantawa da alhaki. A wannan falsafa, nauyi ne: mutum ya tsaya da dukan hankalinsa a kan abin da ke gabansa, ya cika shi, ko da ba zai ga amfaninsa ba.